Sabarar Tsakar Gida

Magariba ta kawo kai, Baba na tsugune da bokiti a gindin sabara, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Ya leƙa waje, babu kowa a layin.

Sabarar nan marigayiya matarsa ce ta haƙo ta daga jeji, ta dasa a tsakar gida bayan furannin da ta saya duk sun ƙone saboda rashin ruwa. Sabara kuwa ko a jikinta, rani ya zo ya wuce tana nan da ganyenta mai ruwan toka. Da ciwo ya ci ƙarfin matar, abu ɗaya ta roƙa: kada a cire ta, kada a dame ta da ruwa. Baba ya ɗauki alkawari a gaban 'yarsu Auta.

To, sai ga shi ya tsiri ban ruwa kowace yamma. Auta, baiwar Allah, har daɗi take ji, ita ke ɗebo masa. Ganye kuwa sai zuba yake yi.

Jifa ya ƙi ƙarewa. Aka fara jin kuka ƙasa-ƙasa daga gindin itacen. Ran nan Auta ta yanke jiki ta faɗi, ta tashi da muryar tsohuwa.

Aka kira Malam. Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai," in ji muryar. "A saiwar nan nake tun tana jeji. Uwarta ta nemi izinina, muka zauna lafiya. Tambayi ubanta abin da yake zubawa a bokiti in ta juya baya."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Gishiri," in ji muryar. "Shago yake son ginawa a wurin, yana so a ce sabarar da kanta ta mutu."

Malam ya ce ta ji tsoron Allah ta fita.

"Zan fita, ai gidana ya riga ya bushe. Sharaɗina ɗaya: abin da na faɗa da bakinta, ta farka tana tune da shi."

"Malam, a roƙe ta," in ji Baba. "Ban da wannan."

Kafin Malam ya buɗe baki, Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Da ta buɗe ido, sabarar ta fara kallo, sannan bokitin. Ba ta yi kuka ba, wallahi gara ma ta yi.

"Baba," ta ce a hankali, "ni fa nake ɗebo maka ruwan."