Filastar Mai Aski

"Duka ka manna? Haka nan yadda ta zo a kwali?"

"To ai filasta ce, Malama."

Ta dubi babban yatsansa ta saman gilashin kantar kyamis ɗinsu. Tusar jakin na nan daram, amma fatar da ke kewaye ta yi fari fat, maganin ya cinye ta. Mai aski ne a shagon tsallaken titi, tunda abin ya fito masa wasu suka fara kauda kai in ya kawo hannu.

"Daidai girmanta ake yankawa," ta ce a hankali. "Ka jiƙa a ruwan ɗumi, ka tsane, ka manna. Bayan kwana biyu ka cire, ka goge matacciyar fatar. Kai da ke wuni da almakashi?"

"Gashi kawai na iya yankawa."

Ta danne dariya, ta yanka masa 'yar ƙarama kamar ƙwayar wake, ta ajiye a kan gilashin. Wani abu ya tsarga masa har tafin ƙafa.

Daga ranar, duk bayan kwana biyu sai ya tsallako. Abbanta, mai kyamis ɗin, yana kallonsu ta saman tabarau daga bayan kanta. Da ta gwada yi wa Abba zancen son da ya shiga tsakaninta da mai askin, bai ko ɗago ba.

"Wanda bai iya karanta takardar magani ba ne zai riƙe min 'ya? In ya warke, ya daina zuwar min nan."

Ta rubuta wa mai askin saƙo a waya da hawaye a idonta: "Abba ya ce ranar da ka warke, shi ke nan."

Amsa ta shigo: "Likitata, ban taɓa jin tsoron samun sauƙi ba sai yau."

Sati tara ya wuce, ya shiga na goma. Kullum yatsan a rufe yake, ya karɓi yankan ya tafi da shi. Ran nan ta ga yana yamutsa fuska wajen ɗauka.

"Buɗe na gani."

"Ai da sauƙi."

"Buɗe, don Allah."

Ya ɓare a sanyaye. Babu tusar jaki, ko alamarta. Sai lafiyayyar fata da ta yi ja, ta saɓule.

"Tun yaushe ta faɗi?" ta tambaya.

"Sati uku."

"Kake ƙona hannun da kake ci da shi? Ka ajiye a aljihu mana!"

"Ke kika yanka. Kuma ban so na shigo wa Abba da ƙarya tsagwaronta."

Ba su ji tasowar Abba ba. Ya kama hannun, ya juya shi a hasken taga, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya dubi 'yarsa da ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan gilashin.

"Har yanzu dai ba ka karanta takardar ba," ya ce, yana shafa masa man ƙuna. "An rubuta kada ta taɓa lafiyayyar fata."

"Na karanta, Abba. Sau uku."

Abba ya ɗauke kwalin filastar ya mayar kan shiryayye.

"Ba a ƙara sayar maka da wannan a nan. Ka je ka turo manyanka tun yatsan bai guntule ba. Na ba ka ita, Allah ya yi muku albarka."