Kafin Idon Auta Ya Rufe

"Ke! Yau kuma ina za ki ja min ɗa?"

Inna ce tsaye a ƙofar falo ta riƙe ƙugu. Matar Auta ta durƙusa ta gaishe ta, jaka a kafaɗa, gorar ruwa a hannu.

"Inna, gidan tarihi za mu leƙa, daga can mu biya tashar jirgin ƙasa."

"Tasha! Baƙo za ku tarba ko tafiya za ku yi?"

"Kallo kawai, Inna."

Inna ta tafa hannu. "Kallo! A garin da aka yanke masa cibiya! Jiya gidan zu, shekaranjiya saman dogon bene, kamar wasu 'yan yawon buɗe ido. Keken ɗinkinsa har gizo-gizo ya fara saƙa a kai. Tun da kika shigo gidan nan yaron nan bai sake zama wuri ɗaya ba, mai farar ƙafa kawai!"

Auta ya fito daga ɗaki yana shafa bango. "Haba Inna, ni fa na ce mu je."

"Rufe min baki! Kai da ba ka da ta cewa sai abin da aka hura maka a kunne."

Matar ta haɗiye kukanta suka fice. Abin da Inna ba ta sani ba, idon Auta ne ke mutuwa. Likita ya ce ciwon ya ci jijiyar, magani sai dai ya rage masa gudu. Irin ciwon da ya kama mahaifinsa ke nan, wanda ya ƙare rayuwarsa a ƙuryar ɗaki, ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa, Inna tana jinya tana kuka har hawan jini ya kama ta. Shi ya sa Auta ya riƙe hannun matarsa ranar da suka dawo daga asibiti ya ce, "Ki yi min alkawari Inna ba za ta ji ba tukuna, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kuma ni ba zan zauna a ɗaki irin Baba ba. Ki zaga da ni garin nan in gan shi, in haddace shi da ƙafata."

Haka suke yi. Su hau bas su zauna ta taga, yana ƙare wa kowane kanti kallo. In sun sauka ya runtse ido, ta riƙe shi, ya riƙa faɗa: nan warin fetur, gidan mai ne. Nan ƙarar injin niƙa, sai a karya dama. A kan gada ya dafa ƙarfen ya ce, "Kin san shekara da shekaru ina wuce ruwan nan a guje, ban taɓa lura kore ba ne?" Ta yi dariya. "To malam baƙo, tsaya in ɗauke ka hoto." Ta ɗaga waya ta ɗauka.

Ashe a gadar nan Yaya Babba, yayar Auta, ta hango su daga cikin tasi. Ko gidanta ba ta koma ba ta zarce wurin Inna.

Da la'asar suka dawo suka tarar da akwatin matar a tsakar gida, rabin kayan a waje.

"Ga su nan!" in ji Yaya Babba. "Inna, wallahi da idona na gani. Ta sa ya rufe ido tana jan sa a titi kamar raƙumi da akala, mutane na kallo! In ba asiri ba mene ne wannan?"

"Yaya, don Allah ki saurare…"

"Kar ki ƙara ce min Yaya, ban haɗa komai da ke ba. 'Yar gayun banza! Kin rufe masa shago, kin mai da shi abin dariya. Kwastomominsa har gidana suke bi na da kayan ɗinki."

Inna ta nuna ƙofa. "Ɗauki tsummokaranki. Kai kuma Auta, yau za ka zaɓa, ko ni da na haife ka ko wannan annoba."

Matar ta dubi mijinta. Kalma ɗaya ce za ta wanke ta, tana nan a bakinta. Amma ta dubi Inna, ta ga yadda jijiyar wuyanta ke harbawa, sai ta tsuke baki. Ta tsugunna ta tattara kayanta hawaye na ɗiga a kai, ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna. Maganinsa na kan firij, a ɗiga masa safe da yamma." Ta nufi ƙofa.

"Tsaya!" Auta ya zabura ya bi ta. Kujerar Inna tana nan a tsakiyar fili, ƙatuwa, ko yaro ya gan ta. Ya yi karo da ita ya kife, goshinsa ya daki siminti. Ya miƙe a gwiwa jini na zuba, ya ɗaga hannu yana roƙo, "Inna, ki yi min rai, kar ki kore ta!"

Kowa ya bi shi da kallo. Don ba Inna yake fuskanta ba. Zanen da aka shanya a igiya yake wa magana, Inna kuwa tana gefensa.

Inna ta san wannan kallon. Ta yi shekaru tana ganin sa a fuskar mijinta. Ta zube ƙasa.

"Innalillahi… Auta, tun yaushe?"

"Tun bara, Inna. Ni na hana ta faɗa. Ita ke zura min zare a allura har na daina ganin ɗinkin. Ita ke koya min hanya."

Yaya Babba ta ja gyale ta rufe baki, ta rasa inda za ta sa kanta. Inna ta rarrafa ta kamo gefen zanen surukarta.

"Duk zagin nan kina riƙe da wannan a cikinki? Don me ba ki tona ba, 'yar nan?"

"Alkawari na yi, Inna. Kuma ke ma tsoron rasa shi ne ya sa ki faɗa. Ni ma shi nake ji."

Washegari su uku suka hau bas, Inna a tsakiya tana mita wai kujerar ta yi tauri. A kan gada ta leƙa ƙasa ta ce, "Ikon Allah, ashe haka ruwan nan yake da faɗi!" Ta juyo ta ga Auta ba ruwan yake kallo ba, ya matso dab da fuskarta.

"Kai, lafiya? Ga abin kallo can."

"Na gama da gari, Inna. Ke ce ban ƙoshi da gani ba."

Inna ta goge ido da bakin mayafi, ta kamo hannun surukarta ta ɗora a kan nasa. "Riƙe shi da kyau, 'yata. Duk mai magana ya zo ya same ni."

Iyaye 'yan'uwana, mu ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane da aka kawo mana gida. Ba duk shiru ne rashin gaskiya ba, wata tana rufe bakinta ne don ta tsare miki lafiyarki. Mu tambaya kafin mu fitar da akwati. Ku kuma 'yan mata, haƙuri da riƙon amana ba sa faɗuwa ƙasa banza. Yau idon Auta ya rufe, amma kullum da safe shi kaɗai yake zuwa shagonsa da sanda, inda yake sayar da yadi da zare, kuma duk unguwar ba mai taɓa matarsa Inna tana raye.