Na Farko a Takardar Tuhuma

Ƙarfe sha biyu saura kwata aka bugo wa Sufeto waya: an tsinci gawa a harabar masana'antar batir, inda mutanen unguwa suka fito zanga-zanga kan dagwalon da ke lalata musu rijiyoyi.

Ko da ya isa an watse. Takalma birjik a ƙasa, wari nan wari can. Layin farin fenti da shi da kansa ya sa aka ja jiya, taku ashirin daga ƙofa, yana nan raɗau. Takardar izini ta ce a nan za su tsaya. Wanda ya tsallake ya yi kutse. Mutum talatin da biyu suna tsare a ofishin 'yan sanda.

Ya yaye zanen da aka rufe gawar da shi. Malaminsa ne na firamare, wanda ya koya masa riƙe alƙalami. Usur ɗin da yake tara yara da shi yana rataye a wuyansa.

Manajan masana'antar ya matso yana share gumi.

"Yallaɓai, yanke kwaɗo suka yi, suka danno kamar shanu, suka tattake tsohon."

"Ina kwaɗon?"

Shugaban masu gadi, wani dogo mai tabo a haɓa, ya miƙo shi. Sufeto ya juya shi a tafin hannu. An yanka da zarto, ba shakka. Amma harshen kwaɗon a buɗe yake. Wa zai wahalar da kansa yanka abin da makulli ya riga ya buɗe?

"Kana ina lokacin?"

"Ina baya, wajen sito," in ji dogon. "Ban ko leƙo ƙofa ba."

A ofis Sufeto ya sa aka fito da 'yar malamin daga cikin waɗanda aka tsare, ma'aikaciyar jinya ce, har yanzu da farar rigar aiki. Ba ta san mahaifinta ya rasu ba tukuna.

"Ba mu taɓa ƙofar ba," ta ce. "Daga ciki ta buɗe, muka ji ana cewa manaja zai karɓi takardarmu. Baba ya ruga gaba yana busa usur, yana cewa tarko ne, kowa ya koma. Na baya ba su ji ba. Yallaɓai, an sake shi? Bai sha maganin hawan jininsa ba."

Sufeto ya duƙar da kai yana rubutu. Bai gaya mata ba. Yana rubutun, yana jin ƙarar usur ɗin can cikin kunnensa, sau uku, kamar a filin makaranta.

A bakin kantar ofishin wata Saje ta tare shi da fayil.

"Yallaɓai, manajan nan duba yake yi? Ƙorafin kutse ya iso ƙarfe tara, ga hatimi. Su kuwa sai sha ɗaya suka shiga."

Takardar a buge take tsaf, da sunayen jagorori. Na farko sunan malam.

Da azahar likita ya kira shi ɗakin ajiye gawa.

"Ba wanda ya taka shi. Duka ɗaya ne a ƙeya, da abu mai nauyi. Ga kuma abin da na ɓamɓare daga hannunsa."

Makulli ne, da guntun sarƙa a tsinke. Sufeto ya zura shi cikin kwaɗon. Ya juya ƙaras.

Ya koma masana'antar. Shugaban masu gadi yana zaune a ɗakinsa, abincinsa a rufe bai taɓa ba.

"Tashi in ga ɗamararka."

Sarƙar makullai tana lilo a ƙugunsa, bakinta a tsinke. Sufeto ya haɗa guntun. Ya dace.

Dogon ya koma ya zauna a hankali.

"Manaja ya ce in buɗe kawai. Ya ce muddin suna bayan layi doka tasu ce, da sun tsallake ta zama tamu. Na buɗe. Sai tsohon ya gan ni da makulli, ya damƙe, yana ihu zai nuna wa duniya. Na ɗaga tocila..." Ya kalli hannunsa. "Sau ɗaya ne, wallahi. Bai yi ƙara ba. Kallona kawai ya yi. Tun ɗazu duk inda na juya idon nan nake gani."

Aka sa masa ankwa. Manajan ma aka fito da shi daga ofishinsa yana ta neman lambar lauya.

Babban jami'i bai ko ɗago kai ba da Sufeto ya kai masa rahoto.

"Kisa daban, kutse daban. Ƙafarsu ta tsallake layi ko ba ta tsallake ba?"

"Kiran su aka yi, ranka ya daɗe."

"Su gaya wa alƙali. Ka ba su beli, Litinin kotu."

Sufeto ya buɗe ɗakin tsaro da hannunsa. Ya ja 'yar malam gefe, ya ba ta kujera.

"Ƙanwata," ya ce, "ki yi haƙuri. Tun ɗazu ya kamata in gaya miki."

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon bango, leɓenta yana motsi. Can idonta ya sauka kan takardar tuhumar da ke bisa tebur.

"Shi ma zai zo kotu ranar Litinin?"

Sufeto ya zaro biro ya ɗora a kan sunan farko. Doka ba ta ba shi ikon soke ko harafi ɗaya ba. Ya ja layi, ya sa hannu a gefe, ya rubuta lambarsa ta aiki don kada a sha wahalar neman wanda ya yi.

"Tashi mu je," ya ce. "Ni zan kai ki wurinsa."