Gogen Baba Daudu

Ni na fara ganin ƙusar da Baba Daudu ke rataye gogensa babu goge a jikinta, kafin mai gogen ma ya gani. Ban yi boko ba, amma sanƙarau ya kwashe sa'o'ina ya bar ni, kuma ido na nan garau.

Da hantsi Sufeto Lauwali ya iso Roni. Ya tarar da Baba Daudu zaune a soro, hannayensa zube a cinya. Gogen na kakansa ne, ƙwarya da fatar guza da izgar doki.

"Wa ya shigo ɗakin nan, Baba?"

"Toma kafinta. Shi ya gyara ƙofar ran Talata."

Sufeto ya duba kwaɗon, ba a ɓalle shi ba. Kafin azahar dai aka rufe Toma a sel.

"Yallaɓai, me zan yi da goge?" in ji Toma. "Ko fito ban iya ba. Ka tambayi Malam Jalaluddeen, na ga babur ɗinsa a ƙofar."

Jalaluddeen ɗan Daudu ne, ma'aikacin gwamnati a Kazaure. Ya zo ofishin 'yan sanda da hula ƙube.

"Ina wurin aiki ran nan. Ni ban taɓa riƙe goge ba tunda nake."

Washegari aka tono gogen a rumbun geron bayan gida, nannaɗe da sabon rawani. An sassauta tsarkiyar, an cire jakin, wato ɗan iccen da ke tallafe ta, an ɗaure shi a wuyan gogen da zare ja.

Daudu ya kalli ɗaurin, ya kau da kai.

"Yallaɓai, na janye ƙara."

"Wa ke irin wannan ɗaurin, Baba?"

"Ni. Don kada fata ta lotsa."

"Sai wa?"

Tsoho ya ƙura wa jan zaren ido.

Sufeto ya sa aka mayar da jakin, ya kira Jalaluddeen, ya miƙa masa gogen yana laluben biro.

"Malam, riƙe mini in rubuta."

Jalaluddeen ya karɓa. Ƙwaryar ta zauna a ƙugunsa, yatsun hagu suka jeru a kan tsarkiya, babban yatsa ya gwada ta sau biyu. Sai ya ga kowa hannunsa yake kallo.

"Ba ka taɓa riƙewa ba?" in ji Sufeto.

Jalaluddeen ya sunkuya har hularsa ta faɗi.

"An ɗauki Baba a waya yana goge a gidan biki. A ofis ba a kirana da sunana, sai ɗan mai goge. Ƙonawa na zo yi. Na kunna ashana, na kasa."

"Ka bar Toma ya kwana a sel."

"Na bar shi."

Aka fito da Toma. Ya ɗauki hular ya kakkaɓe, ya miƙa wa mai ita. Jalaluddeen ya kasa karɓa.

Da kofur ɗin 'yan sanda ya kama hannun Jalaluddeen za su wuce, Daudu ya ce, "Ɗaurin ya yi kyau. Ka fi ni hannu tun kana ƙarami."

Sufeto bai rubuta wannan a fayil ba.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya hau babur ya zo Roni. In bai tarar da jan zaren a wuyan gogen ba, ya aske mini gemu a tsakiyar kasuwa.