Mai Ƙirga Shaho a Wulari

Ranar Talata, a shekarar da aka katse layin waya a Maiduguri, aka tsinci gawar Malam Umara a gindin soronsa a Wulari, tsani na kwance kusa da shi.

Kafin Sufeto Dzarma ya iso, unguwa ta gama shari'a: tsoho mai madubin hangen nesa a saman soro, ai ɗan leƙen asirin 'yan daji ne. Idan rahoto ya tafi a haka, kafin Juma'a jami'an tsaro za su zo su ɗauki 'yarsa Siddiƙa, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Dzarma ya san marigayin tun garin yana gari. Malamin kimiyya ne mai ritaya. Duk ƙarshen damina yakan hau soro ya ƙirga shahunan da ke tasowa daga Turai, ya aika wa masu bincike, don a san ko suna raguwa. Inda suka ragu, in ji shi, fara da ɓera ke cin gona.

Sufeto ya tsuguna. Igiyar da ke ɗaure tsanin ba tsinkewa ta yi ba. Wuƙa ce.

"Baba yana sanarwa kafin ya hau?" ya tambayi Siddiƙa.

"Da dai, yallaɓai. Yakan ɗaga murya, 'Za a hau sama!' mata su shige ɗaki, wasu har su ce ya gaida tsuntsayen. Bana ya yi sau ɗaya, mutane suka zaci bam za a tayar, suka watse a guje, wata tsohuwa ta karye. Sai ya daina."

"Maƙwabta sun san aikinsa ai."

"Waɗanda suka sani sun yi hijira."

Gidan baya na Saleh ne, dillalin awaki, bai daɗe da tarewa ba. Dzarma ya sa aka kirawo shi.

"Ina kake da safe?"

"Kasuwar Gamboru, ranka ya daɗe. Wallahi tun asuba."

"An yi ciniki?"

"Alhamdu lillahi."

"Da aljanu? Tun jiya kasuwar take rufe."

Dzarma ya jingina tsanin, ya sa Saleh gaba suka hau soron. Daga can tsakar gidan Saleh a fili take, har igiyar shanya.

"Kullum yana nan da gilashinsa, iyalina na tsakar gida, ko gyaran murya babu," Saleh ya ce. "Igiyar kawai na yanke don ya ji tsoro. Da ya faɗi, ni na ce ɗan leƙen asiri ne."

Dzarma ya miƙa masa madubin, ya ɗaga masa haɓa sama. Can ƙololuwa, shahuna na ta shawagi, suna gangarawa kudu. Saleh ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo hannuwansa. Kofur ɗin da ya biyo su ya sa masa ankwa, suka sauka da shi.

Sufeto ya tsaya shi kaɗai. Shekarar da matarsa Dorothy ta rasu, Umara ya jawo shi nan, ya ce kallon sama na rage nauyin ƙirji. Shi kuwa ya ce aikin marasa aiki ne, ya sauka. Bai taɓa gaya wa tsohon cewa ya rage ɗin ba.