Awo a Kwance

Barci ya ƙi zuwa. Ɗakin otal ɗin nan na Milano fari ne fat, ba hoto, ba labule, ko mariƙin ƙofa babu, sai gado da madubi. Gobe ake ɗaura auren 'yata Ornella, ga kwat ɗina da na ba da guga tun la'asar shiru. Na tashi na zauna ya fi sau goma.

Ban ji buɗe ƙofa ba, sai ga wata mata cikin baƙaƙen kaya riƙe da kwat ɗin. Takalminta mai tsini ba ya ƙara a kan daɓen.

"Signor Ferrante, kwanta in ƙarasa awo," in ji ta. Bakinta cike da allurai, amma muryar tar.

Na ce, "Haba Signora! Shekara arba'in ina ɗinki a Napoli, wa ke auna mutum a kwance?"

"Kwanta dai, maigida. Miƙe ƙafa."

Na fizge kwat ɗin na juya shi. An tsaga bayansa daga wuya har ƙasa, an kalmashe bakin tsaf. Na san ɗinkin nan. Haka muke yi wa kayan da za a sa wa gawa.