Yatsu Uku a Kafaɗar Noah

Da Zamani ya san abin da faifan nan zai jawo masa, da ya bar shi a bakin ƙofa inda ya tsince shi.

Ɗansa Noah ya tafi neman aiki Zungeru a 2013, shiru har damina ta wuce. Sai ga faifan sidi a gidansu da ke Fadikpe. A ciki Noah ne tsaye, kyamara tana ɗan zagaya shi, dogayen benaye suna gilmawa a bayansa. Babu sauti. Wani ya bugo waya ya ce an tsare yaron a Legas, a ajiye babur a bayan tasha da makulli a jiki in ana so a sake shi. Da babur ɗin Zamani yake acaba. Ya ajiye. Babur ya tafi, Noah bai zo ba.

Ya sha zirga-zirga a caji ofis kafin Sajan Raliya ta saurare shi. Ranar kallon faifan kuma aka ɗauke wuta, sai da suka roƙi mai aski ya tayar da janareta.

Ta sa aka yi ta maimaitawa. Yaron ba ya ƙifta ido, motocin bayansa tsaye suke cak.

"Baba, hoto ne aka yanke shi daga ciki. Bayan kawai ake ja a hankali."

Ta tsayar da faifan. A kafaɗar Noah akwai yatsu uku, ɗaya da zobe.

Zamani ya daɗe yana kallo. "Hannun Theresa ne, matata. Bara ta rasu."

Hoton na wata Kirsimeti ne, uwa ta dafa ɗanta, kuma kwafi ɗaya ne a gidan.

Raliya ta fara da Nma mai hoto, wanda ya ɗauka. Ya ce da fim ya yi, bai taɓa kunna kwamfuta ba, shagonsa ma ya nuna hakan. Magdalene, ƙanwar marigayiya, ta amsa cewa ta ari hotunan gidan lokacin makoki, amma wajen Gaiya ta kai, saurayin cocinsu mai haɗa bidiyon biki da na jana'iza.

Gaiya ya ce hotunan Mama ita kaɗai aka ba shi, bai taɓa ganin wannan ba. Raliya ta ce a sa bidiyon jana'izar. Ga Theresa tana matsowa gaba, coci yana ja baya, an ɗora fure a kan hannunta na dama. Ta sa ya buɗe aikin a kwamfutarsa ya cire furen.

"Ina yatsunta?"

Yatsu uku babu su a hannun.

Raliya ta ce lokacin da ya raba uwa da ɗa a hoton don uwar ta yi motsi, yatsun sun zauna a kafaɗar yaron. Ya rufe nata da fure, amma da ya zo haɗa faifan Noah ya manta da yatsun da ke kafaɗarsa.

An samo babur a Gwada. Zamani ko kallonsa bai yi ba, ya matsa kusa da Gaiya.

"Ɗana, na yafe babur. Ina Noah?"

"Baba, ban taɓa sanin inda yake ba. A coci na ji kana roƙon addu'a."

An gurfanar da Gaiya a kotu. Inda Noah yake, da rai ko babu, har yau ba wanda ya sani.